Tutar Sudan da ta Falasɗinu: dangi ne, amma ba uwa ɗaya ba

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa tutar Sudan ta yi kama da ta Falasɗinu har mutane ke liƙa wannan a madadin waccan, kuma ko Sudan ce ta kwaikwaya. A Khartum na yi karatu, na kuma ci gaba da zama bayan na gama, to bari in faɗi abin da na sani.

Raba su ba wuya. Dubi yankin nan mai kusurwa uku da ke jikin sanda. In kore ne, ja yana sama, baƙi yana ƙasa, ta Sudan ce. In ja ne, baƙi yana sama, kore yana ƙasa, ta Falasɗinu ce. In ka ga farin tauraro a cikin jan kuwa, ka shiga Jodan.

Batun kwaikwayo kuma, a'a. Ta Falasɗinu ta samo asali ne daga tutar boren da Sharif Husaini na Makka ya yi wa Turkawa a 1916. Ta Sudan ta biyo ta hannun Masar, daga tutar ja da fari da baƙi da su Jamal Abdul Nasir suka ɗaga bayan sun kifar da Sarki Faruƙ a 1952. Shi ya sa in ka cire koren sai ka ga tutar Yaman sak. Ita da ta Masar da ta Iraƙi su ne 'yan ɗaki ɗaya.

Abin da da yawa ba su sani ba, ba da wannan tuta Sudan ta karɓi 'yanci ba. Ranar 1 ga Janairun 1956, wadda firaminista Isma'il al-Azhari ya ɗaga shuɗi ce a sama, ruwan ɗorawa a tsakiya, kore a ƙasa, wato kogin Nilu da sahara da noma. Ba Larabci a cikinta, ba addini, ƙasa kawai. Sai Ja'afar Numeiri ya yi juyin mulki a watan Mayun 1969, a lokacin kuwa ba shi da gwani sai Nasir. Shekara na zagayowa, ranar 20 ga Mayun 1970, aka sauke tsohuwar aka ɗaga wannan.

Fassarar da ake koya wa yara a makaranta ita ce ja jinin shahidai ne, fari zaman lafiya, kore Musulunci da albarkar noma, baƙi kuma sunan ƙasar ne, tunda ƙasar baƙaƙen fata ake nufi da shi. Akwai masu ƙarawa da cewa farin na tuna Ƙungiyar Farar Tuta ta Ali Abdul Laɗif, hafsan sojan da ya tayar wa Ingilishi hankali a 1924, baƙin kuma tutar Halifa Abdullahi ce, magajin Mahdi, wadda aka yi yaƙin Karari a ƙarƙashinta a 1898. Duk wannan tarihi ne na gaske, ban musa ba. Amma ni a nawa ganin, launukan ne suka riga zuwa, daga baya aka nemo musu ma'ana a cikin gida. Saƙon Numeiri ɗaya ne: Sudan ta Larabawa ce. Ya kuwa faɗe shi ne ana tsakiyar yaƙi da mutanen kudu, waɗanda babban kukansu ke nan.

Kar ka ɗauka magana ta mutu. Lokacin zaman dirshen da aka yi a ƙofar hedikwatar soja a 2019, wanda ya ci kujerar Umar al-Bashir, na ga tutocin biyu kafaɗa da kafaɗa. Akwai wata mai shayi da nake zama wurinta, ta ɗaure ƙyallen shuɗi da ruwan ɗorawa da kore a jikin akwatin da take jera kwalaben citta da kanumfari. Wani dattijo ya ce mata wannan ai tutar Gabon ce ta kifa. Ta ce masa, “Kafin a haifi Gabon muka ɗaga ta.” Gaskiyarta kuwa, sai 1960 Gabon ta samu 'yanci. Samarin da ke wurin suka ɗauki musu, wasu na cewa tsohuwar ce ta kowa da kowa, wasu na cewa a ƙarƙashin sabuwar aka haife su, ita suka sani, ba sojan da zai sa su tsane ta.

Hausawa da Fulanin can ma wannan tambaya ta ko Sudan ta Larabawa ce ta shafe su, don su ba Larabawa ba ne, amma kakanninsu sun daɗe a ƙasar. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903, wato ya girme wa tutocin biyu.

Su mutanen kudu da suka ɓalle a 2011, tasu tutar baƙi ce da ja da kore, da siraran fararen layuka, sai shuɗi mai kusurwa uku da tauraro ruwan ɗorawa a ciki. Shuɗin nan kogin Nilu suke nufi da shi, kamar dai yadda yake a tutar 1956.