Kwamitin masu keke a Bauchi: ku je tun kafin a zuba kwalta

Wa alaikumus salam. Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya da daddare, inda ka ce kai da abokanka kuna son kafa kwamitin da zai riƙa ba hukuma shawara kan lafiyar masu hawa keke a cikin garin Bauchi, kana son sanin ko ana sauraron irin wannan, kuma ta ina ake farawa. Na bari sai da safe don in zauna in amsa maka a tsanake, domin maganar ta shafe ni ƙwarai. Na haura shekara ashirin ina hawa keke daga ɓangaren Yelwa zuwa wurin aikina a cikin gari, kuma mun taɓa gwada irin abin da kuke shirin yi a unguwarmu.

Ana sauraro, amma ba kowace magana ba, kuma ba a kowane lokaci ba. Bari in ba ka labarin yadda tamu ta kasance.

Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kowa ya ga yadda kekuna suka dawo kan titi. Wanda ya jingine Raleigh ko Phoenix ɗinsa a zaure shekara da shekaru ya kakkaɓe ta, ya kai wa mai gyara ya sa mata sabuwar sarƙa da taya. A layinmu kaɗai, malaman makaranta da masu gadi da leburori da yawa suka ajiye babur. Sai yawan faɗuwa ya ƙaru. Ni kaina na sha ƙasa a damina, wata safiya bayan an kwana ana ruwa. Ruwan ya kwaso yashi ya tara shi a gefen kwalta, daidai inda mai keke yake bi. Wani mai Keke Napep da ke gabana ya ga fasinja ya taka birki ba sigina, na kauce dama, tayar gaba ta nutse cikin yashin, sai ga ni a bakin lambatu wanda ba shi da murfi. Tazarar kaina da bakin simintin ba ta kai taƙi ɗaya ba. Na yi wata guda ban iya ɗaga hannun hagu ba. Bayan makonni kaɗan wani yaron maƙwabcinmu ɗan sakandare ya karye a ƙafa a kusa da wurin. A zaman dubiyarsa ne muka ce bari mu yi wani abu.

Takardarmu ta farko kuskure ce daga sama har ƙasa. Mun cika shafi uku da amfanin keke ga lafiyar jiki da tsaftar iska, muka roƙi a yi wa Bauchi hanyoyin keke irin na ƙasashen Turai. Aka karɓa, aka buga mata hatimi, aka yi mana godiya, daga nan ba mu sake jin ɗuriyarta ba. Da farko na ji haushi. Daga baya da na sake karanta kwafin da ke hannuna, sai na ga ko ni aka miƙo wa ban san abin da zan yi da ita ba. Ba sunan titi, ba wuri, ba abin da mutum ɗaya zai sa hannu a kai ya ce a je a yi.

Wanda ya gyara mana tunani wani dattijo ne mai faci a bakin titinmu. Ya fi shekara talatin a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya ɗaya, da famfonsa da kwanon ruwan da yake tsoma tif don gano huji. Na kai masa kekena yana miƙe mini wili, ina ba shi labarin takardar, sai ya ce: "Malam, da kun tambaye ni ai da na faɗa muku. Duk wanda ya faɗi a titin nan wurina yake turo kekensa." Nan take ya lissafa mini wuri huɗu, da lokacin da aka fi faɗuwa a kowanne. Ɗaya da sassafe lokacin 'yan makaranta, ɗaya bayan magariba saboda duhu, biyu kuma sai an yi ruwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu da muka rubuta shafi uku ba mu san rabin abin da ya sani ba.

Don haka shawarata ta farko a kan waɗanda za ku sa a kwamitin ce. Kada ya zama na matasa masu keken motsa jiki kaɗai, masu hular kwano da rigar wasanni da ke fita ranar Asabar. Ina girmama su, kuma sun iya rubutu da ɗaukar hoto, za su yi muku amfani. Amma wanda titin yake ci shi ne mai ɗaure buhun kayan miya a kariya ya nufi kasuwar Muda Lawal da asuba, da mai gadin da ke tashi aiki cikin duhu, da ɗalibin Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) ko na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Gwallameji wanda kuɗin mota ya gagare shi. Ku nemi masu faci biyu ko uku. Ku nemi 'yan'uwanmu masu lalurar ƙafa da ke hawa keken hannu, domin ramin da ni zan kauce masa su dole su faɗa ciki, kuma sun fi mu ƙasa, direba ba ya hango su da wuri. Ku saurari iyaye mata ko da ba za su zauna a taro ba, su suka san ƙarfe nawa yara ke tsallaka titi zuwa Islamiyya da ta inda suke bi. Sa'an nan, duk da cewa wani mai Napep ne sanadin faɗuwata, ina gaya maka kada ku zauna ba tare da wakilin ƙungiyarsu ba. Gefen titin da kuke nema, a nan suke neman abincinsu. In ba a yi da su ba, duk abin da aka shata za su tsaya a kai washegari.

Karo na biyu ba mu fara da rubutu ba. Mun hau kekunanmu mu shida, muka bi titin daga farko zuwa ƙarshe sau uku: da safe, da yamma lokacin tashin kasuwa, da bayan isha'i. Duk inda ɗayanmu ya ce nan ne, sai mu tsaya, mu ɗau hoto da waya, mu rubuta alamar wurin, gaban masallaci kaza, kusa da mai shayi kaza. Abin da muka gani ba abin da muka yi zato ba ne. Babbar matsalar ba rashin hanyar keke ba ce. Yashi ne da ke cinye kusan mita guda na gefen titi, har ya tilasta wa mai keke shiga tsakiyar motoci. Lambatu ne a buɗe. Bakin kwalta ne da ya zaizaye ya zama gargada, in tayarka ta sauka ba ta hawowa sai ta kayar da kai. Sai tarin yashin gini da bulo da masu gida ke saukewa a kan titi su bar shi wata da watanni. Sai fitilun da suka mutu.

Muka rubuta shafi ɗaya, wuri bakwai, kowanne da hotonsa da abin da muke roƙo. Mai unguwa ya sa hannu, ya raka mu wurin hakimi, muka kai wa kansila kwafi. Kada ku tsallake masu sarauta a garin nan. Takardar da ta bi ta hannunsu ba ɗaya take da wadda wasu samari suka ajiye a teburin sakatare ba.

A nan ne kuma muka koyi cewa kowane titi da mai shi. Manyan hanyoyin da suka ratsa gari zuwa Jos, Gombe da Maiduguri na gwamnatin tarayya ne, gyaransu yana wuyan ma'aikatar ayyuka ta tarayya da hukumar gyaran titunan tarayya ta FERMA. Yawancin titunan cikin gari na jiha ne, ƙananan layuka kuma na ƙaramar hukuma. In ka kai kuka inda ba nan ba, za a karɓa da fara'a, amma ba mai ikon taɓa komai. Kafin ku rubuta ko kalma ɗaya, ku tambayi wani injiniya da ya yi ritaya, akwai su da yawa a masallatanmu, ya faɗa muku titin na wa ne.

Allah Ya sa lokacin ana aikin sabunta wani yanki na titin, sai wani injiniya ya zo ya zaga da mu a ƙafa. Mutumin kirki ne, ya saurare mu sosai. Cikin bakwai mun samu uku: an rufe lambatun da na kusa faɗawa da wasu biyu, an yi tudun rage gudu guda biyu gaba da bayan makaranta, an cike bakin kwaltar da ya zaizaye. Amma babban abin da muke so, wato a bar fili a gefe don keke da baro da kurar 'yan ga-ruwa, bai samu ba. Har yau ina tuna yadda ya tsaya ya ɗora ƙafa a kan sabon simintin lambatu ya ce: "Da kun zo kafin a zuba wannan, matsar da shi mita ɗaya da rabi ba wani abu ba ne a takarda. Yanzu kuwa sai an fasa, kuma ba wanda zai ba da kuɗin fasa sabon aiki." Faɗin titi ana yanke shi ne ranar da aka zana inda lambatu zai bi. Mun yi ihu bayan hari da wata biyu kacal.

Wannan ya sa nake ganin babban aikin kwamitinku shi ne sa kunne. Garin nan ana ta buɗe tituna da faɗaɗa su, har da gadojin sama. Da zarar kun ji an ce za a yi titi kaza, ko kun ga masu awo da sandunansu suna shafa jan fenti a bango, ranar ce ranar zuwa. Gwamna yakan miƙa kasafin kuɗi ga majalisar dokoki wajen ƙarshen shekara, saboda haka buƙatarku ta isa hannun ɗan majalisarku tun kafin nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

In an ce za a ba ku hanyar keke, kada ku yarda da fenti kawai. Farin layi a Bauchi ba ya hana mai lemo kafa teburinsa, ba ya hana mota fakin. Sai da ɗan tudun siminti da zai raba ta da motoci, kuma sai an tanadar wa masu Napep wurin sauke fasinja, an zauna da 'yan kasuwar wurin. Inda titi ya yi ƙunci, kamar cikin tsohon gari wajen Kofar Ran da Jahun, ku bar maganar hanya ta daban, ku nemi a rage gudu. Dokar hanya ta ƙasa ta ce kilomita 50 a awa a cikin gari, amma a taron duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a Stockholm a 2020 an yi kira da a mayar da shi 30 a duk inda motoci ke cakuɗa da masu ƙafa da masu keke. Gaban makarantu da kasuwanni ya kamata ku fara nema wa wannan.

Shataletale kuwa, da sauran manyan mahaɗu, su ne abin da na fi tsoro, tare da manyan motoci. Tun 1972 muke tuƙi ta hannun dama, mai keke kuma yana can ƙarshen dama. Idan tirela ko tifa za ta karya dama, direban ba ya ganin wanda ke gefensa, kuma tayoyin baya suna yanko kwana fiye da na gaba. Wannan ba ya jiran kwamiti. Ku faɗa wa kowane yaro mai keke: kada ya taɓa tsayawa a gefen damar babbar mota a mahaɗa, ya tsaya bayanta har ta wuce.

Mu ma muna da namu laifin, kuma in kuka ɓoye shi hukuma ba za ta ɗauke ku da muhimmanci ba. Muna bin hannun da ba namu ba don gudun zagaye. Muna tafiya da dare ba fitila, cikin baƙar riga, a lokacin hazo ma. Birkin wasu ƙafarsu ce. A unguwarmu mun yi karo-karo muka sayi leda mai ƙyalli, muka ajiye wa masu faci, duk keken da aka kawo gyara su manna masa gaba da baya kyauta. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, kuma ranar da muka koma ofis da hoton wannan aikin, kallon da aka yi mana ya bambanta.

Game da ko za a yi muku dariya, za a yi. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma keke, har mota ta ture shi cikin rami a Abuja yana kan hanyar aiki, mutane suka mai da abin abin ba'a. Ni a ganina abin da ya same shi hujja ce a kan titin, ba a kan keken ba. Yanzu kuma kuna da ƙofar da ba a da ita a wancan lokacin: tun 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC takan yi gangami a ranar. Ku je ofishinsu na jiha tun watan Afrilu ku gabatar da kanku, ku nemi a ba ku minti biyar a taron, ku karanta wurarenku da sunayensu. Gidajen rediyo irin su BRC da Globe FM da Albarka su ma suna da shirye-shiryen kiran waya, amma ku fara kai takarda kafin ku hau iska. Jami'in da ya fara jin laifinsa a rediyo da wuya ya sake buɗe muku ƙofa.

Ku ɗauki titi ɗaya tak a bana, wanda yawancinku ke bi kullum. Ku ajiye littafi wurin mai facin titin, duk wanda ya faɗi a rubuta rana da wuri da sanadi, domin yawancin faɗuwar keke ba ta kai wa ga 'yan sanda, ba ta shiga lissafin kowa. In kun sa ranar zagayen farko, ku sanar da ni. In ta ɓangaren Yelwa ne zan zo da kekena bayan sallar asuba, in kuma kawo muku kwafin takardun nan biyu, wadda ta mutu da wadda ta yi aiki, ku gwada su da idonku.