Tuffar da za ta ciyar da barewa a hunturu: ka duba lokacin zubarwa kafin lokacin nuna

Malam, ka ce kana da fili kamar eka goma a arewacin jihar Pennsylvania ta Amurka, rabi kurmi rabi tsohuwar gona, kuma kana son dasa tuffa mai nuna a makare don barewar wurin su samu abin ci idan sanyi ya kankama. Ka tambayi irin da za ka saya da yadda ake dasawa. To, bismillah.

Kafin ka fitar da kuɗin dashe ko ɗaya, ka raba abu biyu da masu sayarwa suke yawan haɗawa. Lokacin da tuffa take nuna daban, lokacin da take faɗowa daban. Akwai bishiyar da sai ƙarshen Oktoba 'ya'yanta suke nuna, amma da iska ta kaɗa, cikin mako biyu ta zubar da komai. Wannan ta ciyar da barewa ne a lokacin da daji yake cike da 'ya'yan itacen oak da ragowar masara a gonaki, wato lokacin da ba su da buƙata. Wadda kake nema ita ce mai riƙe 'ya'yanta, tana sakinsu kaɗan-kaɗan daga Nuwamba har Janairu ko Fabrairu. Za ka ga tuffar ta daskare a reshe, ta koma ruwan ƙasa, ta yi laushi idan rana ta ɗan buɗe, sannan ta faɗo kan dusar ƙanƙara. A haka barewa suke cinta, ba sa raina ta. Saboda haka ka tambayi mai sayarwa kai tsaye: a wane wata take gama zubarwa, kuma a wace jiha aka lura da hakan? Iri ɗaya yakan canza hali daga wuri zuwa wuri.

Cikin sanannun iri, Enterprise da GoldRush sun fito ne daga haɗin gwiwar jami'o'in Purdue da Rutgers da Illinois, an kuma samar da su don su jure ƙazuwar tuffa, cutar da take sa baƙaƙen tabo a ganye da 'ya'ya. Enterprise tana nuna a Oktoba, tana jure cututtuka da yawa, ita ce ta mutumin da ba zai riƙa feshi ba. GoldRush ta fi ta daɗewa a reshe, sai dai tana da rauni biyu: cutar tsatsa tana kama ta idan akwai itacen jan sida a kusa, domin tsakanin itatuwan biyu cutar take kai-komo, kuma takan yi 'ya'ya birjik bana, baɗi ta huta. Arkansas Black tsohon iri ne mai taurin 'ya'ya, yana daɗewa a ƙasa bai ruɓe ba, amma garin furensa ba ya barbarar wata bishiya, dole ka ajiye masa aƙalla iri biyu daban a kusa. Liberty tana da lafiya ƙwarai, amma tun ƙarshen Satumba take nuna, ta kaka ce. Haka Dolgo, tun Agusta take zubarwa. Amfaninta a wurinka yawan fure ne don ƙudan zuma.

A ganina rabin abin da za ka dasa ya zama ƙananan tuffa, masu 'ya'yan da faɗinsu bai kai santimita 5 ba. Sun fi jure cuta, sun fi saurin fara haihuwa, kuma cikinsu ne ake samun masu riƙo har tsakiyar hunturu. Ka guji masu 'ya'ya mitsi-mitsi na ado, tsuntsaye ne suke kwashe su tun a sama.

Mafi ingancin iri kuwa wataƙila yana nan kusa da kai. Tsofaffin gonakin Pennsylvania da New York cike suke da tuffar da ta tsiro da kanta. Ka zagaya a ƙarshen Disamba ko Janairu, duk bishiyar da ka gani da 'ya'ya a sama da sawun barewa a gindinta, ka ɗaura mata ƙyalle. Ta riga ta nuna maka tana jure sanyin wurin da cututtukansa ba tare da kowa ya kula da ita ba. Idan a filin wani take, ka nemi izini. A Fabrairu ko farkon Maris ka yanko rassan da suka fito bara, masu kaurin fensir, ka naɗe su a takarda mai danshi cikin leda, ka sa a firiji nesa da 'ya'yan tuffa, domin iskar da suke fitarwa tana lalata idon reshe. A Afrilu ka yi musu aure da gindi, wato ka haɗa kowane reshe da gindin wata ƙaramar tuffa mai saiwa har su manne su zama bishiya ɗaya. Kada ka shuka ƙwallon, tuffa ba ta gadon uwarta ta ƙwallo. Idan kuma a filinka ka samu tsohuwa da kurmi ya rufe, ka sare itatuwan da suka tare mata rana, musamman ta kudu, ka cire busassun rassa, amma ɗanyen reshe kada ka rage fiye da kashi ɗaya cikin uku a shekara.

Gindin da aka yi auren a kansa shi yake yanke girman bishiya. Gajerun gindi irin su M.9 na masu lambun kasuwa ne: suna buƙatar tokara, saiwarsu ba ta da ƙarfi, barewa kuma ta kai ga kowane reshe. Ka nemi Antonovka, ko B.118, ko MM.111. Antonovka tana ba da cikakkiyar bishiya mai jure sanyi da tsawon rai, amma za ka jira shekara 6 zuwa 10 kafin 'ya'ya na kirki. Sauran biyun sukan fara a shekara 4 zuwa 6.

Wurin dashe ya samu rana awa 6 zuwa 8, ƙasa mai tsane ruwa, lambarta a ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, tsakanin 6 da 7. Ka gwada, idan lambar ta yi ƙasa, wato tsami ya yi yawa, ka zuba farar ƙasa. Kada ka dasa a kwari. Iska mai sanyi can take taruwa, kuma idan fure ya buɗe, sanyin digiri 4 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius ya isa ya kashe kusan dukkansa. Tazara mita 6 zuwa 9. Ka dasa da bazara, ka jiƙa saiwar na 'yan awoyi, mahaɗin auren ya tsaya santimita 5 zuwa 10 sama da ƙasa, kada ka zuba taki a ramin. Shekarar farko, duk makon da ba a yi ruwa ba, ka ba kowace lita 20 zuwa 40, ka hana ciyawa tsayawa mita ɗaya kewaye da ita.

Inda akasarin mutane suke yin asara shi ne kariya. Barewar da kake son ciyarwa ita ce za ta fara kashe dashen: ta cinye toho da damina, namiji kuma ya goge ƙahonsa a jikin itacen da kaka har ɓawon ya saɓule. Ranar da ka dasa, ranar za ka kewaye. Ragar waya mai tsayin mita 1.5, ka yanki kamar mita 4.5 ka lanƙwasa ta da'ira, ka kafe ta da turakun ƙarfe biyu. Wannan na barewa ne. Ƙananan ɓerayen daji da zomaye kuwa a ƙarƙashin dusar ƙanƙara suke ɓarna, su gwaguye ɓawon kewaye da gindi, sai da bazara ka tarar bishiya ta mutu a tsaye. Maganinsu ragar ƙarfe mai ƙananan ido, ta milimita 6, ko ragar sauro ta alminiyam, tsayin santimita 60 zuwa 90, ka binne bakinta kaɗan, ka bar mata sarari don itacen ya yi kauri. Tsakuwa ta fi ciyawa dacewa a gindin, ciyawa gidan ɓera ce. Ka shafa farin fenti na ruwa, rabi fenti rabi ruwa, don ranar hunturu kada ta tsaga ɓawon ta ɓangaren kudu maso yamma. Idan bishiya goma kuɗinka zai saya ba tare da waya ba, sayi biyar ka kewaye su.

A ƙarshen kowane hunturu ka gyara rassa: kai ɗaya a tsakiya, reshen farko ya fara daga mita 1.5. 'Ya'yan da ta yi a shekarun farko ka tsinke su, ƙarfin ya tafi ga girma. Kada ka cika takin zamani mai naitirojin, yana sa toho mai laushi da cutar babbaka take so. Alamarta reshe ya yi baƙi kamar an ƙona, kansa ya lanƙwashe. Ka yanke santimita 20 zuwa 30 ƙasa da wurin, kana goge almakashin da barasar asibiti bayan kowane yanka.

Tuffa kaɗai ba za ta fitar da barewa daga hunturu ba. Kusan kashi 85 cikin 100 nata ruwa ne, saura yawanci sukari, furotin kuwa kamar babu. Kitsen da suka tara da kaka da ƙananan rassan itatuwa su suke riƙe su, tumbinsu kuma ya saba da wannan abinci mai tauri. Shi ya sa juye musu buhunan tuffa ko masara a Janairu yake da haɗari: tumbin ya yi tsami, kamar ragon da ya ɓalle ya cika ciki da hatsi, wasu har mutuwa suke yi. Bishiyar da take sakin kaɗan kullum ba ta jawo wannan. Tara abinci wuri ɗaya kuma yana yaɗa cutar CWD, mai lalata ƙwaƙwalwar barewa ta ramar da ita har ta mutu, wadda ta riga ta shiga Pennsylvania, kuma an hana ciyar da barewa a yankunan da aka keɓe saboda ita. Ka tuntuɓi hukumar namun daji ta jiharku ka ji matsayin yankinka. Ka rarraba bishiyoyin gungu-gungu, huɗu ko biyar a wuri, kusa da inda barewa suke fakewa daga iska, sannan ka sassare wani ɓangare na kurmin don sabon toho ya fito daidai bakinsu.