Murya: sharhin da aka rubuta a PDSAT ba ya taɓa ILR

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya, na saurari muryarki tun da safe, sai yanzu na samu sarari. Kin ce kin bi rahotannin PDSAT, manhajar da kwalejojin Ingila ke duba bayanan ɗalibansu da ita, layi-layi kin rubuta sharhi bayan R03, zagaye na uku na tura ILR, wato fayil ɗin bayanan ɗalibai da ake aika wa ma'aikatar ilimi, an tura R04, zagaye na huɗu, layukan sun dawo kamar ba a taɓa su ba, wasu sharhin ma sun ɓace, kuma kuɗin da Funding Summary, rahoton jimillar kuɗi, ya nuna bai kai abin da sashen kuɗi na kwalejinku yake jira ba. To, ni a jin da na yi, abubuwa biyu kika gwama. Dawowar layi daban, raguwar kuɗi daban, kuma na biyun ya fi gaggawa.

Kuɗin tukuna. Ki ajiye PDSAT gefe, ki shiga Submit Learner Data, shafin da ake ɗora ILR, ki sauko da Rule Violation Report, rahoton dokokin da aka karya, na fayil ɗin ƙarshe da aka ɗora. Na ƙarshe fa, don kowane fayil na ILR yana share wanda ya gabace shi ne gaba ɗaya na wannan shekarar karatu. Idan wani ya gyara ɗalibai 20 ya tura su su kaɗai, to su 20 ɗin ne kwalejinku take da su a idon ma'aikatar ilimi ta Ingila. Ki fara duba adadin: nawa aka tura, nawa suka wuce, nawa aka ƙi. Sannan ki tace rahoton, ki ware kuskure daga gargaɗi. Gargaɗi ba ya hana ɗalibi wucewa. Kuskure kuwa, ko guda ɗaya ne a kan kwas ɗaya, ɗalibin ake fitarwa ɗungurungum da duk kwasa-kwasansa. Yarinya tana da kwas 5, an yi kuskuren kwanan wata a ɗaya, duka 5 sun tafi da kuɗinsu. Shi ya sa kuskure 30 kan iya cin kuɗin da ya fi ƙarfin lissafinki.

Kuma kada ki bi su ɗalibi-ɗalibi. Ki jera su da sunan doka. Za ki ga dokar LearnAimRef kaza, wato ta lambar kwas, ta fito sau 40, duk a kwas guda: an yi wa ɗalibai rajista a kan lambar da ranar ƙarshen shigarta ta wuce. Ki nemi lambar a shafin Find a Learning Aim, ki duba ko tana da inganci a wannan tsarin kuɗin da kuma ranar da suka fara. Gyara ɗaya a tushen kwas ɗin ya kwashe 40.

Za ki ce ai FIS, manhajar tantance fayil, ya wanke fayil ɗin kafin a tura. E, yana faruwa. FIS a kan kwamfutarki yake, da bayanan da kika sauko masa da su yake aiki. In sun tsufa, zai yarda da abin da shafin zai ƙi, ko ya ƙi abin da shafin ya yarda da shi. Kuma ba ya iya tambayar LRS, hukumar da ke ba da ULN, wato lambar shaidar ɗalibi ta ƙasa, ko ULN ɗin ɗalibi na gaske ne. Wanda ke kan intanet shi ne alƙali. ULN lamba 10 ce, kuma waccan ta wucin gadi, tara-tara guda 10, ba a barinta ta daɗe, akwai lokacin da take komawa kuskure.

In kin ga babu wanda aka ƙi amma kuɗin bai cika ba, sai ki duba manyan ɗalibai, lambar SOF, mai nuna wanda ke biyan kuɗin, da lambar unguwar da ɗalibin yake zaune ranar da ya fara kwas. Tun Agustan 2019 aka miƙa kuɗin ilimin manya ga wasu yankuna. Wanda ke zaune a Landan 116 ne, Greater Manchester 110, West Midlands 112, na gwamnatin tsakiya 105. Aka sa 105 ga mutumin Birmingham da ke West Midlands, an kai buƙata ƙofar da ba tasa ba. Haka kuma tsarin kuɗin kansa: tun 2024/25 sabbin manya a tsari mai lamba 38 suke shiga, ba 35 ba. 

Yanzu PDSAT. Hajiya, PDSAT ba ya cewa kin yi kuskure. Tambaya yake yi. Wasu rahotannin ma jerin sunaye ne kawai, wasu kuma suna nuna abin da mai binciken kuɗi zai so ya ji dalilinsa. Harafin da ke lambar rahoton yana gaya miki na su wane ne: A na manya da masu koyon sana'a, Y na 'yan 16 zuwa 19, B na kowa. Sharhin da kika rubuta a gefen layi naki ne da na odita. Ba ya shiga fayil ɗin XML na ILR, ba ya komawa manhajar rajistar kwalejinku, ba ya canza sisin kwabo. Muddin bayanin da ke ILR bai canza ba, layin zai dawo a R05 da R06 har R14, zagaye na ƙarshe na shekarar, kuma daidai ne ya dawo.

Don haka kowane layi ɗayan biyu ne. Ko dai bayanin ba daidai ba ne, sai a je manhajar rajista a gyara, a fitar da sabon fayil, layin ya ɓace da kansa. Ko kuma bayanin daidai ne, akwai hujja, nan ne sharhi yake da aiki. Kuma don Allah a daina rubuta "an duba" ko "babu matsala". Wa ya duba? Me ya gani? A rubuta kamar haka: kwas na yini ɗaya ne bisa tsari, takardar halarta ta ranar kaza tana cikin fayil ɗin ɗalibi, ga haruffan sunan wanda ya duba, ga kwanan wata. Wanda ya zo bayan wata 8 ya karanta ya san aljihun da zai buɗe. In layin na gyara ne, ki rubuta me za a gyara da kuma a wane R ake sa ran ya fita, don in ya dawo ki san gyaran bai shiga ba.

Ɓacewar sharhin kuma, in a Excel kuke ajiye shi, kusan na san abin da ya faru. An manna tsohon jerin sharhi a gefen sabon rahoto bisa tsarin layi, alhali an ƙara ɗalibai a tsakiya, komai ya goce. Wannan ma ya fi ɓacewa haɗari, don sharhin wani ya koma kan wani. Ko kuma an haɗa su da lambar ɗalibi, sai Excel ya cinye sifilin farko lokacin da aka buɗe CSV da dannawa biyu: 000451 ya koma 451, ba su ƙara haɗuwa ba. Ki shigo da fayil ɗin ta ɓangaren Data, ki ce masa wannan gurbin rubutu ne ba lissafi ba. Ki kuma lura da kwanan wata, in kwamfutar tana kan tsarin Amurka, 03/10 da ke nufin 3 ga Oktoba sai ta karanta shi 10 ga Maris. Makullin haɗawa ya zama LearnRefNumber, wato lambar rajistar ɗalibi, da LearnAimRef da ranar farawa, su uku tare. AimSeqNumber, lambar jerin kwasa-kwasan ɗalibi, ba abin dogaro ba ne, wasu manhajojin suna sake jera shi duk lokacin da aka cire kwas. In kuwa an canza wa ɗalibi lambar rajista tsakanin shekara da shekara, a cika PrevLearnRefNumber, gurbin tsohuwar lambar, in ba haka ba rahoton FRM, na sa ido kan dokokin kuɗi, zai ce ɗalibin bara da ke ci gaba ya ɓace.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ranar da aka tsara gamawa, LearnPlanEndDate. Rahoto ya nuna ɗalibai sun wuce ranar, har yanzu suna kan lamba 1, wato suna ci gaba. Sai wani ya ga hanya mafi sauƙi ita ce ya tura ranar gaba da wata 3 layin ya ɓace. Ba a yin haka! Ranar tana zama yadda aka sa ta tun farko, sai dai in kuskuren shigarwa ne da takardar rajista ta tabbatar. A kanta ake raba kuɗin wata-wata, da ita ake auna ko an gama a kan lokaci. Wannan layin tambayarsa ɗaya ce: yaron yana zuwa? In yana zuwa, a bar shi a 1, a rubuta sharhi da ranar halartarsa ta ƙarshe. In ya gama, 2, da lambar sakamako, wadda take 8 in ana jiran sakamakon jarrabawa. In ya bari, 3, da dalili. In hutu aka amince masa zai dawo, 6, kuma ran da ya dawo sabon layi ake buɗewa da alamar RES, wato sake farawa, da ainihin ranar farawa ta farko, ba a buɗe tsohon.

Ita ma ranar bari ana wasa da ita. Ranar ƙarshe da akwai shaidar ya yi karatu ake sawa, ba ranar da malami ya kawo takarda ofis ba. Kwas ɗin da aka tsara kwana 168 ko fiye, sai ɗalibi ya cika kwana 42 kafin a ƙirga shi, wanda ke tsakanin 14 da 167 kuma kwana 14. Yaro ya fara 8 ga Satumba, kwana na 42 shi ne 19 ga Oktoba. Rajistar aji ta nuna 17 ga wata ya zo na ƙarshe, takarda ta iso ofis 24. Aka sa 24, an karɓi kuɗin da ba a cancanta ba, kuma abu na farko da odita zai haɗa da rajistar aji ke nan. Babu sharhin da zai rufe wannan. Na ce 42, amma 'yan 16 zuwa 19 ki duba tasu ƙa'idar daban, su da yawan sa'o'in shirinsu ake fara aunawa, 450 ne mizanin.

Tunda kin ce R04, shi ne wanda ake ɗaukar adadin 'yan 16 zuwa 19 daga cikinsa don kason shekara mai zuwa, don haka in ƙofar R04 ba ta rufe ba, rahotannin Y za ki fara bi: sa'o'in da aka tsara, musamman waɗanda suka tsaya daf da 580, inda matakin kuɗi ke canzawa, da masu sharaɗin Turanci da lissafi da ba su kai maki 4 a jarrabawar GCSE ba kuma babu kwas ɗin a layinsu. In ta rufe, ki gyara a manhaja yau ya shiga R05. Ki turo mini sunayen dokokin da suka fi yawa a Rule Violation ɗin da adadin kowacce, ban da sunan ɗalibi ko lambarsa a wannan zauren, in gaya miki wadda za ki fara da ita.