Tambaya da Amsa: Tsakanin DNP da PhD, wanne ya dace da shugabar ɗakin haihuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni nas ce kuma ungozoma a wani asibitin gwamnati a nan cikin birnin Kano, shekarata 17 ina aiki, kuma yanzu ni ke shugabantar ɗakin haihuwa. Na kammala digiri na biyu ina son in ci gaba, sai wata ƙawata da ke aiki a Amurka ta ce in bar maganar PhD in nemi DNP, wai har ta intanet ana yin sa. Mene ne bambancinsu, kuma idan na yi shi zai amfane ni a nan gida?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka miki da alheri bisa wannan hidima ta shekara da shekaru. PhD da DNP (Doctor of Nursing Practice, digirin ƙwarewa a aikin jinya) duka biyun digirin digirgir ne, wato matakin ƙarshe na karatun jami'a, amma kowanne da irin mutumin da yake son ya horar. Mai PhD ana koya masa yadda zai gano abin da ba a riga an sani ba, ya tsara bincike, ya tattara bayanai, ya rubuta kundi ya kare shi. Mai DNP kuwa ana koya masa yadda zai ɗauko abin da bincike ya riga ya tabbatar ya shigar da shi cikin aikin yau da kullum na asibiti, ya auna ko ya yi tasiri, sannan ya tabbatar bai mutu ba bayan shi ya bar wurin.

Amurka ce mahaifar digirin DNP. Jami'ar Kentaki na cikin waɗanda suka fara shi, a 2001, sannan a 2004 ƙungiyar kwalejojin jinya ta ƙasar, AACN, ta amince a mayar da horon manyan ma'aikatan jinya daga digiri na biyu zuwa wannan mataki. A 2006 ta fitar da ginshiƙai 8 da kowane shiri zai tsayu a kansu, waɗanda suka haɗa da shugabancin asibiti, da manufofin lafiya, da amfani da bayanan kwamfuta, da aiki tare da sauran ma'aikatan lafiya, tare da sharaɗin aƙalla awa 1,000 na aiki a ƙarƙashin kulawa bayan digiri na farko. Dalilinsu shi ne a can akwai nas masu lasisin duba marar lafiya su rubuta masa magani, da masu ba da maganin sa barci a ɗakin tiyata, kuma nauyin da ke kansu ya fi ƙarfin horon shekara biyu.

Bari in kawo miki misali daga ɗakinki, domin a nan ne bambancin zai fito fili. A 2023 an wallafa sakamakon babban binciken nan na E-MOTIVE kan zubar jini bayan haihuwa, wanda aka gudanar a asibitoci kusan 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. An nuna cewa idan aka shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai ma'auni da ke tara jini, aka daina kimanta shi da ido, sannan da zarar ya kai iyaka aka haɗa matakan magani gaba ɗaya, wato murza mahaifa, da allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke, da taranesamik asid mai rage zubar jini, da ƙarin ruwa, da duba inda jinin ke fitowa, da kiran na gaba idan bai tsaya ba, to munanan sakamako suna raguwa da kusan kashi 60 cikin ɗari. Wannan aikin masu bincike ne, kuma sun sauke nauyinsu.

Abin da ya rage shi ne ƙarfe biyun dare a ɗakin haihuwa, lokacin da ungozoma biyu ke kula da mata takwas. Na taɓa shiga wani asibiti inda aka yi wa ma'aikata horo a kan wannan tsari, takardar matakan tana manne a bango, amma ledojin suna cikin sito a kulle, mai makullin kuma ya tashi tun la'asar, allurar da ya kamata a ce tana cikin firji tana kan tebur saboda an ɗauke wuta tun safe. Babu wanda ya rasa ilimi a wurin, kuma babu mai mugun nufi, amma matar da ke kan gado ba ta amfana da binciken da komai ba. Har yau abin yana damuna. Gyara irin wannan ɓaraka shi ne ainihin aikin mai DNP: ta ƙirga mata nawa aka gano zubar jininsu da wuri kafin gyara, ta zauna da mai sito da sashen magunguna da likitoci, ta sauya inda ake ajiye kaya da yadda ake miƙa aiki tsakanin masu yini da masu kwana, ta sake ƙirgawa bayan wata shida, ta kai wa hukumar asibiti lissafin kuɗin da tsarin ya ci da jakunkunan jinin da ya rage buƙata. Aikin kammala karatun ma irin wannan ne, a wani asibiti na gaske, a madadin kundin bincike.

A ra'ayina, wannan ƙwarewa ita ce asibitocinmu suka fi ƙishirwa. Sai dai dole in gaya miki gaskiya game da takardar ita kanta. A Najeriya, abin da doka ta ba ki damar yi wa marar lafiya yana rataye ne a kan rajista da lasisin Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, NMCN, don haka DNP daga waje ba zai ba ki ikon duba marar lafiya da rubuta magani da wasu nas suke da shi a Amurka ba. Idan kuma burinki ki koma koyarwa a sashen jinya na jami'a, kamar na Bayero, har ki kai babbar malama ko farfesa, to PhD ce hanyar da jami'o'inmu suka sani kuma suke ƙarin girma da ita, tare da maƙalun da kika wallafa. Kada ki kashe dala a kan DNP kina zaton gajeriyar hanya ce zuwa can. Ga wadda kuma hankalinta ke kan mataimakiyar darakta ko daraktar aikin jinya, ko tsara manufofi a ma'aikatar lafiya, ilimin DNP zai yi mata amfani ƙwarai, amma ta fara samun amsa a rubuce daga hukumar da take yi wa aiki cewa za a lissafa shi a ƙarin girma.

Maganar intanet kuma gaskiya ce rabi. Darussan ana iya yin su daga gida, amma awannin aiki sai a asibiti, ƙarƙashin mai kulawa da jami'ar ta amince da shi, kuma jami'o'in Amurka da dama suna sharɗanta lasisin aikin jinya na ƙasarsu kafin su ɗauki ɗalibi. Shirin da ya fi dacewa da ke shi ne na ɓangaren shugabanci ga masu digiri na biyu, wanda yawanci ke ɗaukar shekara biyu zuwa uku. Kafin ki biya ko sisi, ki tabbatar shirin yana da amincewar CCNE ko ACEN, hukumomin da ke tantance karatun jinya a Amurka, ki kuma tambayi Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, wadda ke tantance takardun waje, matsayin jami'ar. Duk wanda ya ce zai ba ki digirin digirgir cikin wata shida ba tare da aiki a asibiti ba, ki rabu da shi.

Akwai kuma wata ƙofa kusa da gida da bai kamata ki manta da ita ba, ita ce zama cikakkiyar mamba ta kwalejin manyan ma'aikatan jinya da ungozoma ta Afirka ta Yamma, wadda ita ma a kan ƙwarewar aiki aka gina ta.

Shawarata ita ce ki ba kanki wata shida kafin ki yanke hukunci. Ki ɗauki matsala ɗaya a ɗakinki, ko wannan ta zubar jini ko cika takardar bin diddigin naƙuda, ki nemi izinin hukumar asibiti, ki auna, ki gyara, ki sake aunawa. Idan kika ga abin da ya fi jan hankalinki shi ne tambayar me ya sa matsalar ke faruwa, kina son ki bi ta har tushe, ki nemi gurbin PhD. Idan kuwa farin cikinki yana wurin ganin lambobin sun sauya da masu aikin dare sun rungumi tsarin, DNP ne ya dace da ke, kuma wannan rahoton na wata shida shi za ki haɗa da takardar neman gurbin.