Amsa ga Hajiya mai neman jakadun da za su tallata zoɓonta

Assalamu alaikum Hajiya. Tambayar da kika yi, kan ko ki damƙa wa ɗan kwangila aikin samo miki matasan da za su tsaya a rumfa suna ba jama'a zoɓonki su ɗanɗana, ko kuwa ki ɗauko wani mai tarin mabiya a TikTok ya zama jakadan kayanki, ta fama mini wani miki da na zaci ya warke. Ni garin kunun gyaɗa nake sarrafawa, kuma da kuɗina na sayi darasin da zan ba ki.

Shekarar da na fara kama rumfa a baje kolin Kano da ke Zoo Road, wani ɗan'uwan maigidana ya haɗa ni da wani mutum mai daɗin baki, wanda ya ce ya saba yi wa manyan kamfanoni irin wannan aiki. Muka yi da shi zai kawo mutum goma na tsawon kwana goma, na ba shi rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami, na ɗinka riguna da hijabai masu tambarina, sannan na miƙa masa kwalaye na ƙananan ƙunshin da za a raba kyauta. Ranar farko mutum shida suka zo, ya ce mini sauran suna hanya, kuma har aka tashi baje kolin ba su iso ba. A rana ta uku, bayan la'asar, daidai lokacin da filin ya cika har mutane suna layi a gabanmu, sai na ga 'yan matan sun ajiye ludayi sun ja gefe. Ashe tun da aka fara ko kuɗin mota bai ba su ba. Ɗaya daga cikinsu, wadda daga Kurna take zuwa, ta gaya mini idonta cike da ƙwalla cewa rance take yi kullum ta hau Adaidaita Sahu, kuma tun safe ba ta sa komai a bakinta ba sai kunun da take zuba wa mutane. Na kira shi ya fi sau ashirin, wayarsa a kashe. Haka na tsaya ni kaɗai da fulas a hannu, ina zuba kunu ina ba da canji ina ba yara haƙuri, maƙwabtan rumfa suna kallona. Bayan makonni wani abokin ciniki ya kawo mini ƙunshina guda, mai ɗauke da rubutun cewa ba na sayarwa ba ne, ya ce a kan teburin wani ya saya a wajen kasuwar Singa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne daga baya mun haɗu da mutumin nan a wajen wani biki, ya gaishe ni faram-faram kamar babu abin da ya faru, ni kuwa na haɗiye saboda zumunci.

Saboda haka, ko da kin bi ta hannun ɗan kwangila, kada kuɗin yaran ya bi ta aljihunsa. Ki ba shi la'adarsa daban, su kuma ki karɓi lambar asusun kowa ki tura masa haƙƙinsa da kanki, kuɗin mota da na abinci kullum, ladan aiki kuwa duk bayan kwana biyu ko uku. Ki ƙirga kwalaben ɗanɗano da safe, ki ƙirga abin da ya rage da yamma. Kada ki biya su da kamasho zalla, domin wanda cinikin ranar ne kawai abincinsa zai riƙa jan rigar mutane, kuma zai faɗi ko mene ne don a saya. Na taɓa jin wani yarona yana rantse wa wata dattijuwa cewa kununa yana maganin gyambon ciki. Lambar NAFDAC da ke jikin kayanki ta abin sha ce, ba ta magani ba, kuma sunanki ne zai ɓaci idan magana ta taso. Ki ware yini guda ki zaunar da su, su sha zoɓon, su san abin da ke cikinsa da farashinsa da kwanakin da yake yi kafin ya lalace, su kuma san amsar da za su ba mai ciwon suga idan ya tambayi yawan sukarin.

Batun mai mabiya kuwa, a ganina taron da yake tarawa na masu son hoto da shi ne, ana watsewa kuma sai ki tarar kwalabenki na nan yadda suke. Idan dai sai kin ɗauke shi, a rubuta yarjejeniya cewa ba zai tallata abin shan wani ba har wa'adinku ya cika, kuma ki tuna cewa hukumar ARCON mai kula da harkar tallace-tallace a Najeriya, wadda ta maye gurbin APCON a 2022, tana buƙatar a tantance talla kafin a sake ta, har da ta intanet.

Ki kuma dubi inda za su tsaya. Wanda za ki kai Sabon Gari yana buƙatar Turanci da buroka, wadda za ta shiga wajen walima ko taron mata kuwa kunya da iya gaisuwa ne jarinta. Ki fara gaida shugabannin kasuwa kafin ki kafa lema, ki kuma rage kiɗa da rawar maza da mata a haɗe, don kada 'yan Hisba su tashe ki. Da azumi babu ɗanɗano da rana, sai dai a raba kwalabe a rufe bayan la'asar domin buɗa-baki.

Yarinyar nan ta Kurna, na biya ta haƙƙinta daga aljihuna a daren, kuma yanzu ita ce take zaɓo mini sauran, ita take riƙe da littafin ƙirga. Idan kin sami irinta a cikin naki, ki ƙara mata wani abu a kan na saura, ki kuma ɗora mata kula da ƙanƙara, tunda zoɓon da ya huce a rana ko kyauta ne mutum kurɓa ɗaya zai yi ya ajiye kofin.