Kawu, Ga Abin Da Ya Riƙe Ɗaurin Auren

Kawu, ina gaisuwa. Ka tambaye ni dalilin da ya sa aka ɗage ɗaurin auren 'yarka, alhali ta gama idda tun kafin azumi, kuma takardar sakin da tsohon mijinta ya rubuta da hannunsa tana wurinta. Wallahi ba manemin ne ke jan ƙafa ba. A nan New York, auren da aka yi wa rajista a ofishin gwamnati ba ya mutuwa a idon hukuma sai alƙali ya sa hannu.

Mu a Bronx, wani yanki na birnin New York, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zangon Ghana, idan aure ya ƙi daɗi wurin liman da dattawa muke fara zuwa, kamar yadda ake yi a gida. A zauna, a nemi sulhu, in ya gagara miji ya yi saki, mata ta yi idda. Ta fuskar addini magana ta ƙare. Amma a littafin gwamnati har yanzu matarsa ce. Idan ta je neman lasisin sabon aure, za a tambaye ta sunan tsohon miji da ranar da kotu ta raba su da garin da aka yi, kuma ana iya cewa ta kawo hukuncin. Wanda ya ƙulla aure na biyu a hukumance na farko bai warware ba, babban laifi ya aikata a dokar jihar.

Babbar kotun jiha, wadda suke kira Supreme Court, ita ke raba aure. Tun 2010 ba sai an ɗora wa kowa laifi ba; ya isa ɗayansu ya rantse cewa zaman ya lalace aƙalla wata 6. Hukuncin 'yarka ya riga ya fito, kwafi mai hatimi kawai muke nema.

Takardun kuwa iri biyu ne, kuma a nan mutanenmu suka fi ruɗewa. Akwai hukuncin kansa, mai ɗauke da maganar riƙon yara da kuɗin ciyar da su da rabon dukiya. Wannan yana ofishin magatakardan gundumar da aka yi shari'ar. Namu na Bronx yana ginin kotu a titin Grand Concourse. Akwai kuma gajeriyar takardar shaida, sunaye da rana da wuri kaɗai, wadda ma'aikatar lafiya ta jiha ke bayarwa daga Albany, hedkwatar jihar, ga duk sakin da aka yi daga 1963 zuwa yau. Na ga matar da ta riƙe gajeriyar tana murna, da ta zo cike takardun kawo sabon mijinta daga Kumasi lauya ya ce cikakken hukuncin ake so.

Ka ce in je in karɓo wa 'yarka kwafin hukuncin tunda ni yayanta ne. Ba za su ba ni ba, Kawu. Fayil ɗin saki sirri ne a jihar nan, masu auren ne ko lauyoyinsu ke iya ɗauka. Ni tsarin ya yi mini, domin yana rufa wa mace asiri daga masu bin diddigi.

Za ta je da katin shaidarta da lambar shari'ar, ni zan raka ta. Na ce ta karɓi kwafi fiye da ɗaya. Da zarar sun shiga hannu zan kira ka, ku sa rana.