Baffa, ga dalilin da ya sa muke rubuta wasiyya a Ingila

Assalamu alaikum Baffa, Allah ya ja kwana. Ina gaisuwa, a kuma gaida mini mutanen gida na Kwarbai gaba ɗaya.

Saƙonka ya iso ta bakin Hajiya. Ta ce da ka ji na je wurin lauya na rubuta wasiyya sai ka yi shiru, can ka ce ko dai wata cuta nake ɓoyewa, ko kuwa zaman Manchesta ya kai ni ga yi wa Allah gyara a rabon da ya riga ya yi cikin Suratun Nisa'i. Lafiyata ƙalau, Baffa, sai ɗan ciwon gwiwa in sanyi ya shigo. Zancen na biyu kuwa shi ya sa na zauna rubuta wannan takarda, don ba ni kaɗai ba ne, yawancin magidantanmu a nan da suka san ciwon kansu sun yi haka.

A Zariya in mutum ya rasu, aka yi sadakar uku da ta bakwai, hankali ya ɗan kwanta, sai a kira malami ko a je gaban alƙali. A fitar da kuɗin likkafani, a biya bashi, a cika wasiyya in akwai, a raba sauran. Mata ta ɗauki tumuninta, uwa sudusinta, 'ya'ya namiji rabon mata biyu. Mamacin bai rubuta ko harafi ɗaya ba, shari'a ta yi aikinta.

A nan wanda ya mutu bai bar takarda ba, dokar ƙasa ce ke raba masa dukiya, kuma ba ta tambayar addininsa. A Ingila da Wales, tun watan Yulin 2023, matar mamaci za ta kwashe kayan gida, ta ɗauki fam 322,000 na farko, sannan a raba abin da ya saura biyu, rabi nata, rabi na 'ya'ya daidai wa daida, mace da namiji. Ka ga mutum irina, wanda duk abin da ya mallaka, har da gidan da bai gama biya ba, bai kai wannan adadi ba, komai na uwar yara ne. 'Ya'ya ba su da ko anini. Hajiya, da Allah ya yanka mata sudusi da kansa, ba ta cikin lissafi sam, domin muddin akwai mata ko 'ya'ya, iyaye ba sa gado a wannan doka. Ranar da lauyan ya faɗa mini haka, fuskarta ce ta faɗo mini, tana zaune kan darduma bayan la'asar tana lissafa wa za ta aika wa hatsi.

Abin da ya fi tayar mana da hankali ma shi ne zancen aure. Ɗaurin auren da aka yi a falo ko a masallacin da ba shi da rajista, in ba a je ofishin hukuma an sa hannu ba, doka ba ta ɗauke shi aure ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta jaddada haka a 2020. Wani ɗan'uwanmu direban tasi ya faɗi ya rasu a bakin aiki, shekara sha huɗu da aure, yara uku. Gidan sunansa kaɗai yake ɗauke da shi. Na raka matar banki da takardar aure ta masallaci a cikin leda, ma'aikaciyar ta duba gaba ta duba baya, ta yi mata ta'aziyya cikin ladabi, ta miƙo mata abarta. An rufe asusun, matar tana takaba muna haɗa mata kuɗin cefane. Sai da ta shiga kotu neman haƙƙi a matsayin wadda suka zauna tare kawai, abin ba daɗin faɗa. Bayan jana'izar nan ne aka fara ganin mutanenmu a ofishin lauyoyi.

Abin da na rubuta ba rabo ne na ƙirƙira ba. Na ce a yi mini sutura irin ta Musulunci, a binne ni nan inda na mutu ba tare da jinkiri ba, don ɗaukar gawa zuwa gida tsada da ɗawainiya ne, kuma muna da asusun jana'iza a masallaci da kowa ke zuba wani abu duk shekara. Na lissafa bashin da ake bina da wanda nake bi. Na ware abin da bai kai sulusi ba ga makarantar allon unguwarmu da yaron nan da Hajiya ta riƙa, tunda shi ba magaji ba ne. Sauran na ce a raba bisa mazhabar Malikiyya, na kuma naɗa mutum biyu amintattu su tsaya a kai. Kai ka karantar da mu hadisin Ibn Umar cewa bai kamata Musulmi mai abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da tana rubuce a wurinsa ba, da na Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas kan sulusi. A zaure muna jin su kamar nasiha ce kawai, sai da na zo nan na ga ranarsu.

Ka'idar rubuta wasiyya a nan ba ta da wuya, tsohuwar doka ce ta 1837: a rubuta, mutum ya sa hannu gaban shaidu biyu a zama ɗaya, su ma su sa. Amma shaida ko matarsa ba sa cin komai daga ciki, kuma wanda ya yi sabon aure bayan ya rubuta, ta rushe, sai ya sake. Kuɗin fansho ma ba ya bin wasiyya, takardarsa daban ake cikewa. Akwai kuma zancen yara: in uwa da uba suka tafi tare ba su ambaci mai riƙo ba, kotu ce za ta zaɓa, kuma babu baffa ko gwaggo a bayan katanga da zai ce a kawo su.

Ba zan ɓoye maka inda muke ta muhawara ba. Tumuni a Zariya yana tafiya ne da gidan gado, da 'yan'uwa maza, da 'ya'yan da za su riƙe uwarsu. A nan matar da aka ba kashi ɗaya cikin takwas na gida tana iya rasa wurin kwana, alhali da albashinta na asibiti aka biya rabinsa. Ni dai abin da na ga ya fi adalci, kuma malamanmu suka yarda da shi, shi ne a tantance tun ana raye: mun rubuta gidan rabi nata rabi nawa, nawa kaɗai zai shiga gado. In ba a yi haka ba, irin rajistar haɗin gwiwa da yawancin ma'aurata ke yi tana mayar da gidan duka ga wanda ya saura, ko me wasiyya ta ce. Kotu ma tana da ikon taɓa rabon in matar ta kai ƙara cewa an bar ta ba abin dogaro, ƙarƙashin wata doka ta 1975, shi ya sa na zaunar da ita na karanta mata komai kafin in sa hannu. Haraji kuma yana jiran masu hali, kashi 40 cikin ɗari na abin da ya haura fam 325,000, ko da yake abin da ya tafi ga mata ba a taɓa shi.

Saura abu ɗaya, shi ne nake roƙonka. Ƙasa da gini dokar inda suke suke bi, don haka filina na Samaru alƙalin Zariya ne zai raba shi, ba takardar Manchesta ba. To amma da sunan Yaya aka saye shi, don ba na gari lokacin. Na yarda da Yaya kamar yadda na yarda da kaina, sai dai shi ma mai mutuwa ne, kuma 'ya'yansa sunan ubansu za su gani a takarda. Ina so in Allah ya kai mu bayan Sallah ka kira shi, da mai unguwa da shaidu biyu, a rubuta cewa filin nawa ne, ajiya ce a hannunsa, a ba Hajiya kwafi ɗaya a turo mini ɗaya. Na riga na yi masa magana, ya ce shi ma abin yana ransa.

A gaida Inna da ƙafa. Maganin da ta ce, zan ba mai zuwa a wata mai kamawa.